RA'AYINMU: Kunya Ce Igiyar da Ake Ɗaure Yaranmu da Ita

Yau muna so mu jawo hankalin 'yan'uwanmu 'yan Arewa mazauna Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba da Alaba Rago a Ikko, har zuwa Sabon Badun da na Shagamu da Ama Hausa ta Owerri da Fatakwal, ga wata musiba da ta ɓulla a Amurka da ƙasashen Turai, wadda kuma ba ta bukatar jirgi ko fasfo kafin ta iso ɗakin da 'ya'yanmu ke kwana. Musibar ita ce ta ƙungiyoyin ɓoye masu farautar yara ta intanet, su yaudare su, su tilasta musu aikata abin da hankali ba zai ɗauka ba, sa'an nan su mai da wasu daga cikinsu mafarauta su ma. Mai karatu yana iya cewa ina ruwan mai sayar da goro a Agege da abin da yaran Turawa ke yi. To, ruwansa shi ne irin wayar da ke hannun ɗan Bature ita ce a hannun ɗansa, kuma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wadda ta fi ƙaurin suna cikin waɗannan ƙungiyoyi ita ce ake kira 764. Wani yaro ne ɗan shekara 15 mai suna Bradley Cadenhead, wanda ya daina zuwa makaranta, ya kafa ta a 2021 a dandalin hira na Discord, ya kuma samo sunan daga lambar gidan waya ta garinsu, watau Stephenville cikin Jihar Texas. A 2023 kotu ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 80 saboda hotunan lalata da ƙananan yara da aka same shi da su. Amma ɗaure shi bai kashe abin ba, domin kafin nan ya riga ya yi rassa, kowane reshe da sunansa da shugabanninsa. A watan Satumba na 2023 hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta yi wa iyaye shela cewa ana farautar yara 'yan shekara 8 zuwa 17. Zuwa watan Mayu na 2025 hukumar ta ce tana gudanar da bincike sama da 250 a kan wannan ƙungiya, kuma dukkan manyan ofisoshinta 55 suna cikin aikin. A Ingila ma, hukumar yaƙi da manyan laifuffuka ta ce ƙarar da ake kawo mata a kan irin waɗannan ƙungiyoyi ta ninka sau shida tsakanin 2022 da 2024, kuma yawancin masu laifin samari ne da ba su kai shekara ashirin ba.

Tambayar da ya kamata kowane magidanci ya tsaya ya yi wa kansa ita ce, ta yaya yaro mai hankali, wanda ke cin abinci tare da iyayensa kullum, zai kai ga yanka jikinsa a gaban kyamara don wani da bai taɓa gani ba ya umarce shi? Ta yaya kuma wani yaron zai zama shi ne mai ba da umarnin, yana dariya? Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin yadda ake jan mutum zuwa ga tsattsauran ra'ayi, abin da suka gano kuwa bai wuce karin maganar nan ba, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar ita ce kaɗaici. Hukumar FBI ta ce an fi kai hari ga yaran da ke fama da ƙuncin rai da damuwa, har da masu tunanin kashe kansu. Mafarautan sukan shiga wasannin yara irin su Roblox da Minecraft, da zaurukan hira inda masu damuwa ke kai kukansu, su laɓe suna sauraro har su gane wanda ba shi da mai jin ta bakinsa a gida.

Ba da zagi ko barazana ake farawa ba, da alheri ake farawa. Mafarauci zai yaba wa yaro, ya ce shi mai basira ne, ko ya ce wa yarinya babu mai kyanta, ya aika da 'yar kyauta cikin wasan, ya amsa saƙo ko da tsakar dare ne. Yaron da ya saba da tsawa a gida da dariyar tsara a makaranta sai ya ji yau ya sami wanda ya san darajarsa. Daga nan sai a ce masa su koma wani zaure na sirri a Telegram ko Discord, inda babu idon kowa. A can ne za a fara raba shi da nasa, a riƙa nuna masa cewa iyayensa ba su damu da shi ba, abokansa kuwa munafukai ne, mutanen zauren nan su kaɗai ne danginsa na gaskiya. Ana kuma nuna masa hotunan ta'asa kaɗan kaɗan, ana dariya, har abin da jiya ya sa shi rufe ido yau ya zama ba komai ba.

Wannan tafiya ta sannu a hankali ita ce sirrin abin. Farfesa Fathali Moghaddam na Jami'ar Georgetown ya kwatanta ta a 2005 da hawan bene mai matsattsen tsani: jama'a da yawa suna ƙasa, kaɗan ke hawa, kuma duk hawan da mutum ya ƙara sai ƙofofin fita su ragu, har ya kai inda yake ganin ba shi da sauran hanya sai ɓarna. Tun a 1966 wasu masana biyu, Freedman da Fraser, suka gwada wani abu makamancin haka a California. Sun roƙi masu gidaje su bari a kafa wani ƙaton allo maras kyan gani a ƙofar gidansu, mai gargaɗin direbobi su yi tuƙi a hankali, kashi 17 cikin ɗari kawai suka yarda. Amma cikin waɗanda aka riga aka sa suka manna 'yar ƙaramar takarda mai irin wannan gargaɗi a tagarsu, kashi 76 cikin ɗari ne suka amince. Watau wanda ya ce to ga ƙaramin abu, yana jin nauyin ya ce a'a ga babba. In haka ta faru da magidanta masu furfura, yaya ke nan yaro ɗan shekara goma sha biyu?

Ƙaramin abin da ake fara roƙon yaro shi ne sunan makarantarsu, ko unguwarsu, ko hoton fuskarsa. Sai a roƙi hoton da bai kamata ba. Ranar da wannan hoto ya fita daga wayarsa, ranar ce masoyi ke tuɓe rigar arziki. Sai a ce masa, in bai yi abin da aka umarce shi ba za a aika wa uwarsa da ubansa da malamansa da 'yan ajinsu. Abin da ake umartarsa kuwa kullum ya fi na jiya muni: ya yanki jikinsa, ya zana sunan ubangidan nasa a fatarsa, ya azabtar da kyanwar gida ko ya cuci ƙanensa, duk a gaban kyamara 'yan zaure suna kallo. An kai wasu har ga kashe kansu. Kowane sabon abu da ya yi ya zama sabon makami a hannunsu. Babu sarƙa a ƙafar yaron nan, babu mai gadi a ƙofarsa, iyayensa suna ɗaki na gaba. Abin da ya hana shi buɗe baki kunya ce da tsoron abin da zai same shi in aka sani. Wannan ita ce igiyar.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne yadda wanda aka cuta ke komawa macuci. Akan ce wa yaro za a ƙyale shi in ya kawo wani a madadinsa. Da zarar ya yi haka ya shiga laifi shi ma, kuma hanyar komawa gida ta ƙara toshewa, domin yanzu 'yan sanda ma tsoronsu yake ji. Wasu kuma ba tilasta musu aka yi ba, neman suna ne ya kai su. A cikin waɗannan zauruka ba a shiga sahun manya sai mutum ya kawo shaidar muguntar da ya sa wani ya yi, kuma gwargwadon munin abin gwargwadon girman da za a ba shi. Yaron da ba a san da zamansa ba a ajinsu sai ya wayi gari ana yi masa kirari, ana tsoron sunansa, yana da masu bin umarninsa. Shi ya sa da yawa cikin waɗanda ake kamawa ba su girmi waɗanda suka cuta da wasu shekaru masu yawa ba.

Farfesa Arie Kruglanski na Jami'ar Maryland ya ce abubuwa uku ne ke haɗuwa su haifar da mai tsattsauran ra'ayi: ƙishin a san da mutum a daraja shi, da labarin da zai gaya masa cewa ɓarna ce hanyar samun wannan daraja, da kuma taron abokai masu tafa masa in ya yi. Marigayi Albert Bandura na Jami'ar Stanford shi kuma ya bayyana yadda mutum ke lallashin zuciyarsa ta yi shiru: ya sake wa mugun aiki suna ya kira shi wasa, ya ce ai ba ni kaɗai ba ne, ya ce wanda aka cuta shi ya jawo wa kansa, ko ya daina ganinsa a matsayin mutum ɗungum. Waya tana sauƙaƙa duk wannan, tun da yake mai yin abin ba da sunansa na gaskiya yake yi ba, ba kuwa zai haɗu da uwar yaron a kasuwa ba. Gaskiya ne 'yan 764 suna ado da tambarin 'yan Nazi da na masu bautar Shaiɗan, amma ga yawancinsu aƙidar riga ce ta aro da ake sawa daga baya don a tsorata mutane. Abin da ya fara kawo su zauren ƙishin nan ne na a kula da su.

Kada wani ya ce wannan cutar Turawa ce. Makamin da suke amfani da shi, watau karɓar hoto a yi barazanar tona asiri, an san shi sarai a nan ƙasar. A watan Satumba na 2024 wata kotu a Jihar Michigan ta ɗaure wasu samari biyu, wa da ƙane, mazauna Ikko, shekara 17 da rabi kowannensu, bayan Nijeriya ta miƙa su ga Amurka a 2023. Laifinsu shi ne sun yi shigar mace a Instagram suka yaudari wani yaro ɗan shekara 17, suka matsa masa da neman kuɗi har ya kashe kansa cikin dare guda a watan Maris na 2022. A watan Yuli na 2024 kuma kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafuka wajen 63,000 na Instagram a Nijeriya saboda irin wannan damfara. Su waɗannan kuɗi suke nema, 'yan 764 kuwa azaba da suna suke nema, amma igiyar ɗaya ce. Bugu da ƙari, yaron da ya tashi a Agege ko Fatakwal yana jin Ingilishi ya kuma rubuta shi, saboda haka harshe ba zai zama masa katanga ba.

Mu 'yan Arewa kuma ba baƙi ba ne ga yadda ake kama zuciyar matashi. Dattawa cikinmu ba su manta da tarzomar Maitatsine ta watan Disamba na 1980 a Kano ba, wadda ta ci rayuka sama da 4,000. Da yawa cikin mabiyansa samari ne baƙi da suka shigo birni daga karkara ba su da kowa, suka sami wurin kwana da abinci da wanda ya ce musu su ne zaɓaɓɓu. A 2017 Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga sakamakon hirar da ta yi da mutum kusan 500 da suka shiga ƙungiyoyi irin su Boko Haram da Al-Shabab don kansu. Kashi 57 cikin ɗari sun ce saninsu ga littattafan addini kaɗan ne ko ma babu. Binciken ya kuma nuna cewa sun fi sauran tsararsu kukan rashin jin daɗin ƙuruciya da rashin kulawar iyaye. Ashe ko a tsakar daji ko a cikin waya, ƙofar da ake shigowa ta nan guda ce.

Yanzu mu dubi zamanmu a nan Kurmi da idon gaskiya. A gida yaro yana da kaka da zai yi wa shagwaɓa, da gwaggo da kawu da zai kai wa ƙarar ubansa, da maƙwabtan da suka san shi tun yana goye. A nan kuwa mahauci ya fita tun asuba, mai gadi ya kwana a ƙofar gidan wani, ɗan canji da mai shayi ba su dawo ba sai dare ya raba, uwa tana fama da ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar. Yaron yana tsakanin duniya biyu: a makaranta ana ce masa aboki cikin ba'a, in ya je gida hutu a ce masa ɗan Kudu. Don kada ya fita yawo ya haɗu da 'yan iska sai a ba shi waya, a ce gara ya zauna a ɗaki. Ga kuma samari 'yan ci-rani, masu acaba da 'yan ga-ruwa da 'yan dako, waɗanda ke kwana a rumfuna, ba mai tambayarsu yadda suka wuni sai wayar da ke hannunsu. In ana neman bangon da ya tsage, to, ga shi nan.

Daɗin daɗawa, tarbiyyarmu ta ginu a kan kunya, abin alfahari ne kuma. Amma kunyar da ke sa uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama ya yi hira da 'yarsa, ita ce ke sa yarinya ta gwammace ta mutu da ta ce baba, na aika wa wani hotona. Mafarauci ya san haka, a kan haka ya dogara. Mun san wasu za su ce maganin abin a ƙwace wayar, a zane yaro da bulala, ko a ɗora shi a mota a mai da shi gida Arewa. Mu dai a ganinmu wannan taimakon ɓarawo ne. Yaron da ya tabbata dukan kawo-wuƙa ne ke jiransa ba zai faɗa ba, zai ci gaba da biyayya ga mai barazana. Wanda aka ƙwace wa waya zai ari ta abokinsa. Wanda aka mayar Funtuwa ko Azare kuwa, intanet ta riga shi isa can, tare da shi kuma asirin nasa zai tafi.

Saboda haka abu na farko da muke roƙon kowane uba da kowace uwa shi ne su gaya wa yaro tun kafin komai ya faru, da bakinsu, cewa in wani ya taɓa tsorata ka da hoto ko da wata magana a waya, ka zo ka faɗa mini, ba zan dake ka ba, ba kuwa zan kore ka ba. Su kuma cika alkawarin in ranar ta zo. In uba yana jin nauyi, ya wakilta yaya ko ƙanwar uwa ko malamin da yaron ya yarda da shi. Sa'an nan kada waya ta kwana da ƙaramin yaro, a san kuma wasannin da yake yi da mutanen da yake hira da su. A lura da alamun da hukumar FBI ta zayyana: yaro ya janye daga mutane farat ɗaya, cinsa da barcinsa su sake, ya riƙa sa riga mai dogon hannu cikin zafi, a ga sabon yanka ko tabo a jikinsa, ko a ga dabbar gida ta ji rauni ba dalili.

In kuwa abin ya riga ya faru, kada a biya ko kwabo, kada kuma a yi abin da mai barazana ya ce, domin biya ba ya ƙosar da shi, sai ma ya ƙara masa kwaɗayi. Kada a goge saƙonnin don jin kunya, su ne shaida. A daina amsa masa, a kai ƙara ga 'yan sanda, waɗanda ke da cibiyar yaƙi da laifuffukan intanet, ko ga hukumar NAPTIP. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta yaudarar yaro ta waya don lalata da kuma mallakar irin waɗannan hotuna. Akwai kuma wata hanya ta kyauta mai suna Take It Down, da cibiyar kare yara ta Amurka ta buɗe a 2023, wadda ke taimakawa a toshe hoton yaro a Facebook da Instagram ba tare da hoton ya bar wayarsa ba. Yaron da ya fara cutar da kansa ko yake maganar mutuwa, a kai shi asibiti ya ga likita, kada a bar shi shi kaɗai.

Sarakunan Hausawa na Agege da Badun da Shagamu da sauran garuruwa, da shugabannin kasuwanni da na ƙungiyoyin direbobi da mahauta, suna da rawar da za su taka. Kamar yadda suke sasanta rikicin bashi da na aure cikin sirri, haka ya kamata kowace unguwa ta sami dattijo da dattijuwa da aka san bakinsu da nauyi, waɗanda yaro ko iyayensa za su iya zuwa wurinsu ba tare da maganar ta kai majalisar mai shayi ba. Malaman makarantun boko da na Islamiyya su yi wa ɗalibai bayanin wannan tarko da harshen da za su gane. Masu gidajen da samari 'yan ci-rani ke sauka a hannunsu su san cewa amanar ba ta tsaya ga wurin kwana ba. Gwamnati kuma ta horar da 'yan sanda su karɓi irin wannan ƙara ba tare da wulaƙanta mai kawo ta ba, ta kuma matsa wa kamfanonin da ke cin riba da yaranmu su tsare zaurukansu.

Mun baro garuruwanmu ne muka zo nan neman abin da za mu rufa wa iyalinmu asiri. Zai zama babbar hasara mutum ya shekara ashirin yana gadin dukiyar wani a Ikoyi, alhali wani da bai san fuskarsa ba yana sace masa ɗa a cikin ɗakinsa. Mafarautan nan ba su da bindiga a kan yaranmu, ƙarfinsu duka yana ga tabbacin da suke da shi cewa yaron ba zai iya faɗa wa iyayensa ba. Ranar da ya faɗa, aka rungume shi maimakon a dake shi, igiyar ta tsinke. Muna fata kowane magidanci da ya karanta wannan, ko aka karanta masa, ba zai kwanta yau ba sai ya kira ɗansa da 'yarsa ya yi musu wannan alkawari. Allah ya tsare mana zuri'a, amin.